Babi na Shida: Gammo a Ƙasa, Majanyi a Sama

Kwana huɗu motar wasan ta yi tana raye a hannunmu. A rana ta biyar, da la'asar sakaliya, a wani fili mai rairayi bayan gidajen Tibiri, ta hau ɗan tudu, ta yi tsalle kamar ɗan akuya, ta dira da goshi, ta ƙara 'yar tafiya, sai ta tsaya cak. Ɗan ƙanwata da ke riƙe da rimot ya ja kunamar har ƙarshe. Ƙafafun gaba suka juya dama, suka juya hagu, amma motar ko gezau.

"Kawu, ta ƙi," in ji shi.

Kafin in iso wurin, ƙauri ya riga ya iso hancina. Na zare 'yan ƙusoshin da ke riƙe da gangar jikin na ɗaga. Ɗan baƙin akwatin nan mai girman gidan ashana, wanda ni da hannuna na manna a kan faranti da sufa gulu, ya ɓalle yana reto a jikin wayoyinsa. Jar waya ɗaya ta tsinke daga inda aka like ta da dalma, ta taɓa 'yar'uwarta. Yara fiye da goma sun zagaye ni, kowa ya yi tsit, irin tsit ɗin da ake yi in babba ya yi abin kunya.

Tibirin da nake magana ba ta Gobir ba ce, wadda ke kusa da Maraɗi. Wannan ta Arewa ce, garin Samna, a cikin Dallol Mawuri, a jihar Doso. Har zuwa 2011 tana ƙarƙashin Dogon Dutsi, sannan aka ba ta nata yankin tare da Dumega da Gesheme da Kore Mai Ruwa, inda babbar hanyar Yamai ta ratsa. Daga gabas, iyakar jihar Kabi ta Nijeriya ce. Ƙasa ce ta rairayi da jan dutse, a kwari kuma ruwa kusa yake, shi ya sa rake da rogo da kayan lambu suke yi. Yaran garin ba baƙin mota ba ne. Da kaka ta yi, an gama girbi, za ka gan su a gindin rumbu suna feƙe kara, suna soka sille a cikin totuwa, suna yanka tsohon silifas su fitar da tayoyi. Mai gwangwanin madara ya fi mai kara daraja, mai langa-langa ya fi kowa. Sun san gatari, sun san sitiyari, sun san cewa in nauyi ya yi sama mota kifewa take yi. Abin da ya zo musu sabo a wannan motar da na sayo cikin kayan gwanjo a Yamai shi ne ɗan akwatin nan da ya ɓalle.

A jikinsa an rubuta harufa uku, ESC. Waɗanda suka yi lakwal suna ce masa bariyater, kamar yadda Faransawa ke faɗi. Mai gyaran rediyon da muka kai wa ya juya shi sau biyu a tafin hannunsa, ya ce, "Wannan ai totur ne," kuma ban ga sunan da ya fi wannan dacewa ba. Aikinsa ke nan: tsakanin batir da inji yake zaune, shi ke yanke yawan wutar da injin zai sha. In ka ja kunamar rimot, risibar da ke cikin motar takan aika masa da ɗan bugu kamar sau 50 a daƙiƙa guda. Tsawon bugun shi ne saƙon. In ya kai kashi 1 da rabi cikin 1000 na daƙiƙa, ana nufin tsaya. In ya doshi kashi 2, a yi gaba da ƙarfi. In ya sauko wajen kashi 1, a taka birki ko a koma baya. Shi ne kuma yake rage wutar batir zuwa bolt 5 ko 6 ya ciyar da risibar da ɗan injin sitiyari, abin da ya sa ƙafafun gaban motarmu suka ci gaba da juyawa bayan sashen da ke tura injin ya ƙone.

Yadda yake rage gudu yana da ban sha'awa. Lokacin da kamfanin Tamiya na Japan ya fara fitar da irin waɗannan motoci masu batir a 1976, da shekarun da suka biyo baya, wani ɗan hannu ne yake goga a kan faranti, yana bi da wutar ta cikin wani abu da ke cinye rararta ya mayar da ita zafi. Kamar mai lambu ne da yake son rage ruwan da ke shiga fangali, sai ya fasa hanyar ya bar rabin ruwan ya bi rairayi. Totur na yanzu ba ya zubar da ruwa. Taransistoci ne a cikinsa, suna buɗe wutar gaba ɗaya, su rufe gaba ɗaya, sau dubbai a daƙiƙa guda. In buɗewa ta fi rufewa tsawo, motar ta yi gudu. In rufewa ta fi, ta yi rarrafe. Amma duk da haka yana ɗaukar zafi, kuma zafin ba bin wutar yake yi kafaɗa da kafaɗa ba: in wutar da ke ratsa shi ta ninka biyu, zafin ninki huɗu yake yi. Rairayi kuwa yana riƙe ƙafar mota, injin ya yi ta zuƙar wuta. Ka haɗa wannan da watan Afirilu, lokacin da ma'aunin zafi ke wuce 40 a inuwa, ka ga wurin da aka kawo wannan ɗan baƙo daga ƙasar sanyi.

Rumfar mai gyaran tana bakin kasuwa. Tsofaffin rediyoyi ne jibge har rufi, da tocila, da fankokin sola, da wayoyin hannu da masu su suka manta da su. A gefe akwai ɗan kasko da gaushi, ƙarfen dalma na kwance a ciki. Ya ce tun da Nijeriya ta yanke wutar da ke zuwa ta layin Birnin Kabi a watan Agustan 2023 ya koma wa ƙarfen gawayi, kuma ko da wuta ta dawo bai yar da shi ba. Ya kai akwatin hancinsa, ya shinshina, ya ajiye. Sannan ya sa farce ya ɓamɓaro busasshen gam ɗin da ke kan farantin motar. Ya fito fal, kamar ɓawon ƙwai.

"Wa ya ɗaura wannan?"

Yaron ya dube ni. Na ce, "Ni ne, Maigida."

"Alhaji, ka taɓa ganin an ɗora wa jaki mangala ba akumari?"

Ban je Makka ba, amma na karɓi sunan tare da faɗan. Daga baya na zauna da biro na yi lissafin abin da ya faɗa da baki ɗaya. Akwatin bai wuce giram 80 ba. Motar da ke gudun kilomita 30 a awa tana cin mita 8 da ɗoriya a daƙiƙa. In ta daki gindin bishiya ta tsaya a cikin tazarar santimita 5, duk abin da ke cikinta yana fizgar mazauninsa da ƙarfin da ya kai nauyinsa sau 70. Wato a wannan ƙiftawar idon, ɗan akwatin nan ya zama kilo 5 da rabi, tiya biyu ta gero har da gyara. Sufa gulu yana da ƙarfi in ana jan abu a hankali, amma in ya bushe kamar gilashi yake, ba ya lanƙwasa. Farantin motar kuwa roba ne, yana lanƙwasa a kowace dira. Ɗaya na motsi, ɗaya ya ƙi motsi, dole a rabu. Kuma ko da bai ɓalle ba, duk gargadar da ƙafafun suka taka kai tsaye za ta shiga cikin akwatin, ta yi ta girgiza 'yan ƙananan liƙin dalmar da ke ciki har wani ya tsage.

Mun yi sati uku kafin wani direba ya zo mana da sabon totur. Ranar da za a ɗaura shi na zauna a kan benci daga hantsi har azahar, kuma abin da na gani shi ne dalilin wannan babin.

Abu na farko da mai gyaran ya nema gammo ne. Haka ya kira shi. Mai tallan da ta ɗauko tulu ba ta ɗora shi a kan ƙoƙon kanta tsirara, sai ta naɗe tsumma ta sa a tsakani, ya shanye bugun tafiya, ya kuma hana tulun zamewa. A wajen masu wannan wasa a ƙasashen waje, gammon shi ne salatif mai kauri, mai soso a tsakiya da gam gaba da baya. Wanda ya fi suna shi ne VHB na kamfanin 3M, wanda ya fito tun 1980, har gilasan dogayen gine-gine ake riƙewa da shi. Ba lalle ka same shi a kasuwar ƙauye ba, amma danginsa suna nan wajen masu manna lamba da ado a jikin mota da babur, da masu gyaran gilashin waya. Kaurin milimita 1 zuwa 2 ya isa. In ya yi siriri kamar takarda, ba gammo ba ne. In ya yi kauri kamar katifa, akwatin zai yi ta rawa a kai har ya yage shi.

Sai dai gam ba ya kama datti, kuma a nan ne yawancin mutane suke faɗuwa. Mai gyaran ya kankare ragowar sufa gulun da reza, ya goge wurin da 'yar takardar yashi har ƙyallin robar ya dushe, ya jiƙa auduga da alkol na kantin magani ya share, ya jira ya bushe, ya sake sharewa. Na miƙa hannu zan taɓa in ji ko ya yi santsi, ya buge mini yatsa. Maiƙon da ke fatar mutum kaɗai ya isa ya raba gam da roba. Kada kuma a wanke da fetur ko kananzir: kananzir yana barin maiƙo, fetur yana cin wasu robobin. Akwai ma robar da gam ba ya so ko an yi mata wankan amarya, irin ta jarkar mai da bokiti. In farantin da ka yanka daga jarka ne, kamar yadda yara kan yi in na asali ya karye, to kada ka dogara da gam, ka dogara da ɗauri.

Ya manna salatif ɗin a gindin akwatin, ya cika shi baki da baki, ya ɓare takardar, ya saita sau ɗaya, ya danna da manyan yatsunsa biyu yana ƙirgawa a hankali har 30. Ba a ɗagawa a gyara zama. In ka ɗaga, ka zubar da rabin ƙarfinsa, gara ka yanko sabo.

Sannan ya faɗi abin da ya fi yi wa yaron ciwo: "Sai gata."

"Baba, ko zagaye ɗaya?"

"Ko rabi."

Na ɗauka tsufa ne kawai da son jan rai, ashe masu yin salatif ɗin ma haka suka rubuta. Irin wannan gam a hankali yake malala cikin ƙananan ramukan da ido ba ya gani. Bayan minti 20 yana da kamar rabin ƙarfinsa, bayan kwana ɗaya ya kai kashi 90 cikin 100, sai ya kwana uku yake cika. Zafinmu yana taimaka masa ya kama da wuri, amma shi ne kuma yake sa shi laushi in motar ta daɗe a rana. Saboda haka ne gam ɗin kyandir, wanda ake narkarwa da 'yar bindiga, ba shi da amfani a nan. Da zafi aka narkar da shi, ka kuma ɗora masa abin da ke yin zafi, a ƙasa mai zafi.

Gammo shi kaɗai ba ya riƙe kaya in aka yi tuntuɓe. Uwa in ta goya ɗa da zane, sai ta ƙara majanyi. Mai gyaran ya ɗora ƙusa a gaushi, ya huda ramuka biyu a farantin, ɗaya a kowane gefen akwatin, ya goge bakinsu don kada su yi kaifi. Ya jawo robar cikin tayar keke, irin wadda 'yan kabu-kabu ke ɗaure buhu da ita, ya yanko siririya kamar faɗin ƙaramin yatsa, ya zura ta ƙasa ya ƙulla. A nan na ga gwaninta. A saman akwatin akwai haƙoran alminiyom jere kamar matsefi, da 'yar fanka a kansu. Ta nan zafi ke fita. Bai bi da robar ta kansu ba, ya bi da ita ta kafaɗar akwatin, inda roba ce zalla. Bai kuma ja ta har ƙarshen ƙarfinta ba. Ya ce in ka matse gammo har ya zama faifai, ka kashe shi. Ɗaurin ba don ya danne akwatin ba ne, don ya tare shi ne ranar da gam ya gaji.

Ɗan maɗaurin roba mai haƙora, wanda masu haɗa wutar sola ke tattara wayoyi da shi, shi ma yana yi, ya ma fi kyan gani. Aibinsa biyu: ba ya miƙewa, kuma in rana ta gasa shi karyewa yake yi ba sallama. Robar taya takan tsattsage a hankali, ta ba ka labari kafin ta tsinke, kuma in ta tsinke, kaya ne suka tsinke a gindin kaba, don babu garin da ba mai faci. Wasu akwatunan suna zuwa da kunnuwa masu rami don a ɗaure da sukuru. Wannan ya fi kowanne ƙarfi, amma a yanko 'yar fatar silifas a sa a ƙarƙashin kowane kunne, kuma a duba tsawon sukurun kada ya leƙa inda batir yake kwana.

Na tambaye shi Velcro, abin nan mai ƙara da ke rufe takalman yara, don na ga ana yabonsa. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, George de Mestral, shi ya ƙirƙiro shi bayan ya dawo daga farauta a 1941 ya ga 'ya'yan wata ciyawa sun maƙale a wandonsa da jikin karensa. Ya duba su da madubin ƙara girma ya ga 'yan ƙugiyoyi, ya yi ta fama har ya sami rajistar abinsa a 1955. Duk wanda ya taɓa ratsa gona a Arewa da kaka ya san wannan ilimin a ƙafarsa, ƙarangiya ta koya mana shi tun muna yara, ba mu dai kai shi kasuwa ba. Velcro yana da kyau wajen batir, abin da kullum ake cirewa a mayar. Wajen totur kuwa yana barin 'yar rawa, kuma rairayi da ita ƙarangiyar kanta suna cika gashinsa cikin 'yan kwanaki, ya daina kamawa.

Inda za a ajiye akwatin ma magana ce. A motarmu masu ƙira sun riga sun ware masa wuri, amma yaran da ke haɗa tasu daga tarkace su ke zaɓa. A sa shi ƙasa-ƙasa, kusa da tsakiya, inda tsalle bai fi tsanani ba. Kada a jingina shi da injin, don murhu biyu ne za a haɗa. A nisanta shi da risiba da 'yar eriyarta ko da faɗin yatsu biyu ne, saboda kunnawa da kashewar nan da yake yi sau dubbai tana tayar da hayaniyar da ke iya rikita saƙon rimot. A kuma bar masa hanyar iska. Wannan na ƙarshen shi ne ya fi wuya a yarda da shi, domin duk wanda ya ga ƙurar hunturu abin da zai fara zo masa shi ne ya naɗe akwatin a leda. Na ga wanda ya yi haka, ya ƙara da salatif baƙi har zagaye biyar. Ƙura ba ta shiga ba, zafi ma bai fita ba. Masu kyau daga cikinsu sukan yanke wuta da kansu in sun yi zafi fiye da kima, masu araha kuwa sai dai ka ji ƙauri. Maganin ƙura tsohon burushin haƙori ne bayan kowane wasa, a bi tsakanin haƙoran alminiyom ɗin, a hura fankar, a tabbata tsakuwa ba ta maƙale mata ba.

Da ya gama da akwatin na miƙe zan biya, ya ce in zauna, ba a fara ba. Ashe wayoyin ne aikin. Ya ce a cikin rediyo goma da ake kawo masa daga ƙauye a bayan amalanke, mafi yawa ba abin da ya mutu a ciki, waya ce ta gaji ta saki. Dalma tana shiga cikin silin waya ta sandarar da shi, daidai inda sandarewar ta ƙare nan ne duk lanƙwasa ke taruwa, kamar yadda ake karya ƙarfen langa-langa da yawan kai da komo. Saboda haka ya tattara wayoyin, ya ɗaure su a jikin farantin ɗan nesa kaɗan da akwatin, ya bar musu ɗan lanƙwasa kamar wuyan raƙumi tsakanin ɗaurin da liƙin. In an fizgi batir da gaggawa, ɗaurin ne zai sha fizgar. Ya juya sitiyari dama da hagu, ya danna motar ƙasa ya saki, yana kallon ko akwai wayar da ke gogar haƙorin giya ko sandar da ke juya ƙafafu. Akwai wata 'yar kwandansa mai kama da ƙaramar ganga da ke rataye a jikin wayoyin batir, aikinta shanye tsallen da wuta ke yi. Ita ma ya yi mata nata ɗan gammon. Makunnin ma haka, ya juya fuskarsa ciki don kada kara ya kashe motar tana tsakiyar gudu.

Wannan taka-tsantsan ba don totur kaɗai ba ne. Batirin irin waɗannan motoci na zamani, mai laushi kamar fakitin biskit, kowane ɗaki nasa bolt 3.7 ne, in ya cika ya kai 4.2, ɗaki biyu su ba da 7.4. Ƙaramin abu ne, amma in jar waya da baƙa suka haɗu, ko sukuru ya huda shi, yana iya kumbura ya kama da wuta mai wuyar kashewa. A garin da dangar kara da rumbu suke ko'ina, wannan ba wasan yara ba ne. Haka ma 'yan batiran nan masu lamba 18650 da ake farkewa daga tsohon batirin kwamfuta, waɗanda yanzu suka cika tocila da fankoki. Ranar da tamu ta ƙone, sa'a muka yi wayar ta narke ta rabu kafin batirin ya fusata.

Ina zaune a bencin nan na tuna da Aziz Kountché, wanda ya kafa Drone Africa Service a Yamai a 2016, yana haɗa jirage marasa matuƙi da ke ɗaukar hoton ƙasa daga sama. Kowace farfela a irin waɗannan jirage tana da nata totur, ɗan'uwan wannan na motarmu. Akwatin da ke tsakanin faifan sola da famfon da ke jan ruwa a lambunan dallol shi ma danginsu ne, haka na keken lantarki. Duk taransistoci ne masu kunnawa da kashewa, duk suna tsoron zafi da girgiza da sakin waya. Mu kuwa in ana labarin yaro mai fasaha, abin da ake nunawa a Facebook shi ne ranar da abin ya tashi, ana tafi. Ba mai komawa bayan wata guda ya ga ko yana nan. Na sha ganin famfon sola na kuɗi masu yawa a kwance, akwatinsa na rataye da igiyar rama a jikin reshe, rana na dukansa, wayoyin na ɗauke da nauyinsa. Mutumin da ya rataye shi kuwa, in buhun gero ne zai kai Kore Mai Ruwa a bayan babur, sai ya yi masa ɗaurin da ko rami ya faɗa ba zai motsa ba. Ya iya ɗauri sarai. Bai dai ɗauki akwatin a matsayin kaya ba, yana ganin abin Nasara ne, ko dai ya yi aiki ko ya ƙi.

Mai gyaran ya karɓi ɗari biyu, wato jika guda ta sefa, ya ƙi karɓar kuɗin robar. Ya ɗaga motar da hannu ɗaya ta jikin akwatin, ɗagawa kaɗan, ya girgiza. Motar duka ta motsa tare da shi. Ya miƙa wa yaron, ya maimaita masa: gata.

Kwana ukun nan motar a kan rumfar uwarsa ta yi su, an rufe ta da faifai, shi kuma yana kai da komo a ƙarƙashi kamar mai jiran kaza ta ƙyanƙyashe. Bai zauna banza ba. Ya samo ɗan injin da ke fitar da faifai daga wata matacciyar na'urar DVD, da batir ɗaya na tocila, ya ɗora wa motarsa ta kara. Ba rimot, ba totur, waya biyu ce kawai yake murɗawa ta tashi. Na leƙa na ga ya yanko fatar silifas ya shimfiɗa a ƙarƙashin injin, ya zagaye shi da robar taya, ya ɗaure wayoyin da zaren buhu a jikin sille, da ɗan lanƙwasarsu.

Ranar da wa'adi ya cika muka koma filin, yaran sun ninka na farko. Ɗan ƙanwata ya nufi tudun nan dai da ya kashe motar. Ta tashi, ta dira da goshi, ta wuntsila sau biyu, ta faɗi a kan ƙafafunta ta ci gaba, ƙura na bin ta. Bayan minti goma na ce ya kawo. Na ɗaga gangar jikin na ɗora yatsa a kan alminiyom ɗin, na ƙirga har biyar ban janye ba. Wata ƙarangiya guda ta maƙale a jikin robar, yaron ya cire ta da farce, ya karɓe rimot ɗin daga hannuna.